Sunanmu a Jikin Kwalba

Ni ungozoma ce, ko daya, kamar yadda maƙwabtanmu Larabawa suke kira na. Rayuwata duka na yi ta ina karɓar haihuwa a wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogi, tsakanin Makwar da Abu Na'ama, da kuma wasu ƙauyukan Larabawa uku da ke kewaye da mu. Kakanninmu daga ƙasar Sakkwato suka taso da niyyar Makka, ƙafarsu ta tsaya a nan, suka yi gona, suka haife mu. Ina budurwa aka kai ni Wad Madani koyon aikin. A lokacin ban iya karatu ba, don haka da hanci da harshe aka koya mana magunguna: wannan ɗaci ne, na tsayar da jini, wancan yana warin kwalta, na wanke hannu ne, kada a sha. Da na gama aka ba ni akwatin kwano mai hannu ɗaya, na dawo gida da shi a ka. Karatu da rubutu sai da girma ya zo na koya, a hannun 'yata.

Karɓar haihuwa ba ta taɓa ba ni tsoro ba. Abin da yake ba ni tsoro shi ne sanyi.

Kowace shekara, idan auduga ta fashe a hawasha, wato gonakin ban-ruwa, aka fara cira, sai tari ya shigo gari. Manya su yi mura kwana uku su miƙe. Jarirai kuwa sai ƙirjinsu ya riƙa fito kamar an hura kara, haƙarƙarinsu yana shiga yana fita, su ƙi nono, leɓensu ya yi shuɗi. Yaron da na yanke wa cibiya da hannuna a farkon wata, kafin watan ya mutu sai in ga ubansa ya wuce ƙofar gidana da shi a naɗe cikin farin ƙyalle, bai kai tsawon damtsensa ba. Tsofaffi suna ce masa tarin auduga. Sun ce gashin auduga ne yake shiga hancin yaro ya toshe. Saboda haka duk matar da ta dawo daga cira sai ta kaɗe zanenta a ƙofar gida kafin ta shiga. Muna kaɗewa, yara suna mutuwa.

'Yan shekaru bayan tafiyar Turawan Ingilishi, a farkon wani sanyi, wata mota mai kama da akwati ta tsaya a gindin bedi na ƙofar mai gari. Wani Balarabe ya fito, dogo, siriri, mai sanƙo da tabarau, yana da 'yar i'ina idan ya fara magana. Ya ce shi likita ne amma ba magani ya kawo ba, bincike ya zo yi a kan tarin nan. Daktur muke ce masa. Mai gari ya aika aka kira ni, domin namiji baƙo ba zai shiga ɗakin mai jego ba sai da ni.

Aikinsa ya ba ni mamaki. Idan muka shiga gida, ba yaron yake fara dubawa ba. Sai ya zauna a bakin angarib, gadon igiya, ya buɗe littafi, ya ce in tambayar masa: wa ya fara tari a gidan nan? Kafin shi fa? Ina ya je a makon da ya wuce? Wa ya kwana a ɗakin nan? Mata suna amsawa suna kallona, suna tunanin ko mutumin daga hukuma yake, yana ƙirga mu ne don a kore mu. Sai ya gama tambayoyi sannan ya ɗauko wani siririn tsinke mai auduga a kai, in riƙe masa kan yaro, ya goga a maƙogwaro da hanci, ya karya tsinken cikin ƙaramar kwalba, ya toshe, ya sa a wani tulu mai ƙanƙara. Ƙanƙarar daga Makwar ake kawo masa ita cikin buhu da ɗiɗɗigar katako, kuma kullum yana cikin fargabar narkewarta. Na taɓa ganin ya tuɓe rigarsa ta sama ya lulluɓe tulun, shi ya zauna a rana.

Abin da ya tayar da hankalin gari shi ne ƙwai. Yana sayen ƙwan kaji, amma sai daga gidan da ke da zakara. Nan da nan magana ta zaga: mutumin nan numfashin yara yake ɗurawa a kwalba, yana haɗawa da ƙwai, ya kai wa waɗanda suka aiko shi. Wata mata ta ɓoye ɗanta a cikin rumbu da ta ji motsinmu. Wani tsoho ya tare ni a hanyar kogi ya ce, "Ke 'yar nan, ki ji tsoron Allah. Ubanki mutumin kirki ne." Ni ma a lokacin ban san me ake yi da ƙwan ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, mai gari ya tsayar da Daktur a gaban maza. Ni ina daga bayan zana tare da mata, muna leƙe. Mai gari ya ce masa da Larabci, "Ya Daktur, mun karɓe ka da mutunci. Ka faɗa wa mutanen nan abin da kake ɗauka daga jikin 'ya'yansu."

Daktur ya matso kusa da mai gari. Sai ya cire tabaransa, ya hura masa iska da baki, gilashin ya yi dusu-dusu da danshi. Ya miƙa wa mai gari.

"Ka ga wannan danshin? A cikinsa abin yake. Wata ƙwayar cuta ce, fairus muke ce mata. Ƙanƙantarta ta wuce a gan ta ko da madubin asibiti. Daga bakin mai tari take fita ta shiga hancin na kusa da shi. Ba ta rayuwa a kwalba kawai, sai a cikin abu mai rai, shi ya sa nake shuka ta a cikin ƙwai mai ɗan tsako, ta yi yawa, in san ko wace iri ce."

Mai gari ya riƙe tabaran nesa da fuskarsa, yana kallon danshin yana bushewa. Wani daga baya ya ce, "To auduga fa?"

"Auduga ba ta da laifi. Lokacinta ne kawai yake tara mutane wuri ɗaya."

Ba duka suka yarda ba. Amma daga ranar an daina rufe mana ƙofa.

Sanyi biyu Daktur ya yi yana zuwa yana komawa. A cikin su na koyi abin da ba a koya mini a makarantar ungozoma ba. Ya ce in hana mai tari shiga ɗakin jego, in sa a buɗe taga, a fitar da murhu waje. Faɗa a baki da sauƙi. A wurinmu idan aka haihu, ɗaki cika yake yi maƙil da 'yan barka, a toshe kowace kafa saboda iska, a turara hayaƙi, kowa ya ɗauki jariri ya tofa masa addu'a a fuska. Da matar ƙanen mijina ta haifi ɗa namiji, sai ga Goggo, ƙanwar uban mijina, wadda duk zuri'ar ke tsoron bakinta, ta zo tana tari tana share hanci da gefen mayafi. Na tsaya a bakin ƙofa na riƙe dogaran biyu.

"Goggo, ki yi haƙuri, yau ba za ki shiga ba."

"Mi kika ce?"

"Ki yi masa addu'a daga nan, za ta same shi. In kin warke ni da kaina zan kai miki shi."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ce, "Ni na wanke uban wanga yaro ranar da ya faɗo. Balarabe mai ƙwai ne zai hana ni ganin jinina?" Ta juya ta tafi, ta yi kusan shekara ba ta amsa gaisuwata ba. Yaron ya rayu, yanzu tela ne a Makwar. Ba zan rantse cewa tsayuwata a ƙofa ce ta raya shi ba, rai na Allah ne. Amma a gidajen da suka ji maganata na rage zuwa gaisuwar mutuwa, wannan kam na gani da idona.

Wata rana Daktur ya ci abincin rana a zaurenmu, kwalabensa a jere a kan tabarma yana manna musu 'yan takardu. Mijina, wanda nake kira Malam, ya yi karatun allo mai zurfi kuma yana karanta Larabci. Ya ɗauki kwalba ɗaya ya juya ta. Ya ce, "Ya Daktur, na ga an rubuta Fallata."

Sunan da Larabawa suke kiran duk wanda asalinsa daga yamma yake ke nan, Bahaushe ne ko Bafillace ko Babarbare. Wani lokaci suna ne kawai. Wani lokaci kuma, ya danganta da bakin da ya fito, zagi ne.

Daktur ya yi 'yar dariya. Ya ce ƙauyenmu ba ya cikin taswirar hukuma, ya duba bai ga sunansa ba, shi kuma yana da kwalabe daga wasu garuruwa, kada su cakuɗe. Alama ce kawai. Malam ya ajiye kwalbar a hankali. Sai da baƙo ya tafi, ina kwashe kwanuka, ya ce mini, "Ban ji daɗin ganin sunanmu a jikin majina ba. Shi ya san mu. Wanda zai karanta a can bai san mu ba." Na ce masa ya cika zargi.

Ranar da Daktur zai tafi tafiyar ƙarshe, ya kira ni da mai gari gindin bedi, ya ɗauki tsinke ya yi zane a ƙasa. Ga layin jirgin ƙasa daga arewa. Ga kasuwar Makwar. Ga hanyar lori da ta zo ta ƙare a wurinmu. Ya ce a sanyi na farko wanda ya fara tari a garin nan direban lorin auduga ne. A na biyu kuma mai kantin sukari ne, kwana biyu bayan dawowarsa daga birni. Ya ce, "Ba ku kuke kawo shi ba. Ku ne a ƙarshen hanya. Yana zuwa ne ya same ku a cunkushe, goma a ɗaki ɗaya, ga hayaƙi, ga asibiti da nisa. Abin da zan rubuta ke nan." Mai gari ya yi masa addu'a, mata suka cika masa mota da busasshen kifi da kuɓewa.

Shekaru suka wuce. Labarinsa yana zuwa mana jefi-jefi ta bakin hakim, wato ma'aikacin ƙaramin ɗakin shan magani da ke garin gaba. Ya ce rubutun Daktur ya kai ƙasashen Turawa, ana karantawa ana kafa hujja da shi. Ya ce ya zama babban malami, duk likitan ƙirji da ya fito a ƙasar nan ko ɗalibinsa ne ko ɗalibin ɗalibinsa. Nakan ji daɗi in ce wa mata, "Ni na riƙe masa kan yara." Har Goggo, da muka shirya, takan ce mai ƙwan nan ashe ba ƙaramin mutum ba ne.

Wajen shekara goma bayan tafiyarsa aka yi wani sanyi da ban taɓa ganin irinsa ba. Wannan karon tarin bai tsaya kan jarirai ba. Ƙarti majiya ƙarfi suna faɗuwa a tsakiyar kunya da buhun auduga a wuya. Masu lori suka ce haka ake fama a Madani da Khartum, har da ƙasashen waje. A garinmu aka binne liman, aka binne Goggo a rana ɗaya da wata jikarta.

Ana cikin haka wata safiya mota ta zo da wani saurayi jami'in lafiya da 'yan sanda biyu. Ya daɗe bai fito daga motar ba. Da ya fito, hankici ne a hancinsa, kuma ya tsaya nesa da mai gari kamar tsawon raƙumi biyu. Ya buɗe takarda ya karanta da ƙarfi. Ya ce ilimi ya tabbatar cewa wannan tari a cikin mutanen yamma yake kwana, daga kambonsu, wato sansanin bukkokin leburori, da ƙauyukansu yake tashi kowace shekara ya bazu cikin ƙasa. Ya ambaci sunan Daktur. Ya ce babban malamin ne ya gano haka a wannan yanki, kuma a littattafan likitoci ma sunan ƙwayar cutar ke nan, irin Fallata. Saboda haka daga yau ba shiga ba fita.

Na matsa gaba na ce, "Ya ɗana, ba haka ya ce ba. Ina wurin. A ƙasa ya zana mana."

Ya dube ni ta saman hankicinsa. Ya ce, "Ya Hajja, kin karanta binciken?"

"Ban iya karatu ba."

"To ni na karanta a makaranta."

Suka kafa ganga biyu a bakin hanya suka ɗaura igiya. Aka liƙa takardar a bangon masallaci. Lorin da ke zuwa kwasar masu cira ya zo ya ga igiya, ya juya. Kwana uku bayan haka muka ga hayaƙi ya tashi a ƙetaren tur'a, babbar hanyar ruwan gonaki, inda kambon 'yan ci-rani yake. Bukkokinsu aka ƙone, wai don a kashe cuta. Da yamma suka iso wurinmu a ƙafa, da tabarmi da tukwane a ka, 'yan sanda suka ɗaga musu igiya suka shigo. Muka raba su gida-gida. Ɗakin da ke kwana da goma ya koma kwana da sha biyar, tarin ya ƙara samun wurin zama. Matan ƙauyen Larabawa da muke ɗiban ruwa tare tun muna yara suka koma can sama da mashigarmu. Idan na ɗaga musu hannu sai su sunkuyar da kai.

A ƙauyen da ya fi kusa da mu akwai wata mata da na karɓi haihuwarta sau huɗu. Wata guda kafin a ɗaura igiya na taɓa cikinta na biyar, na ji ɗan a gicciye yake. Na ce wa mijinta, ranar da naƙuda ta tashi, ko ina salla ne a kira ni. Wata azahar sai ga shi a kan jaki, a guje, ya tsaya a bayan igiya yana kiran "Ya daya! Ya daya!" Na ɗauko akwatina na zo. Ɗan sanda ya sa sanda ya tare ni. Na roƙe shi da Allah da Annabi. Ya ce shi umarni aka ba shi. Mijin ya ce ko an bar ni ma, dattawan garinsu sun ce ƙafar Bafallata ba za ta taka musu gari ba sai cuta ta wuce. Shi dai ya zo ne ko zan faɗa masa abin yi.

Na tsaya a gefen igiya, shi a ɗaya gefen, ina koya wa namiji manomi da baki yadda ake juya ɗa a ciki. Ina nuna masa da hannuna a kan cikina, ga inda za a dafa, ga inda za a tura, a hankali, tsakanin naƙuda da naƙuda. Yana gyaɗa kai, idonsa ya kaɗa, na san ba abin da yake shiga kansa. Na ce su nemi mota su kai ta asibiti. Ya ce motoci sun daina biyowa ta wannan hanya. Na miƙa masa kwalbar maganin tsayar da jini ta ƙarƙashin igiya, ya sa gefen rawaninsa ya ɗauka.

Washegari da hantsi muka jiyo kukan mata daga can. Ita da ɗan duka sun rasu.

Na ce wa Malam zan tafi Madani. Hakim ya aiko mana da labari tun farko cewa Daktur yana can saboda annobar. Malam bai hana ni ba. Ya je masallaci ya ɓamɓaro takardar daga bango, ya ninke ya sa mini a cikin akwati. 'Yan sanda hanya suke tsaro, ba kogi ba. Ƙanen mijina masunci ne. Bayan sallar asuba ya sa ni a kwale-kwale tsakanin kwandunan kifi, muka gangara har kusa da Makwar. Daga nan na hau lori. Na yafa tobi irin na matan Larabawa, ban yi Hausa ko kalma ɗaya ba. A cikin lorin hirarmu ake yi. Wani ɗan kasuwa ya ce ai likitoci sun gano, a jininsu abin yake, su ba ya kashe su sosai, mu yake kashewa. Wata tsohuwa da ke jingine da kafaɗata, tana tari a kan wuyana, ta ce Allah ya raba mu da su. Ƙurar hanya ta shaƙe ni, tari ya taso mini, na danne shi har hawaye suka zubo, don kada a juyo a dube ni da kyau.

A Madani na sami Daktur a farfajiyar asibiti a ƙarƙashin itacen bedi, samari masu fararen riguna sun kewaye shi, kowa da littafi. Ya tsufa, ya yi ƙiba, i'inar ta tafi. Mai gadi yana ƙoƙarin mayar da ni sai ya hango akwatin kwanon. Ya miƙe ya taho da hannu a buɗe, yana cewa, "Ya daya! Ke ce? Yaya mai gari? Yaya yarana?"

Ban amsa gaisuwar ba, abin da ban taɓa yi wa babba ba. Na buɗe akwati na miƙa masa takardar.

Ya karanta a tsaye. Ya sake karantawa. Na ga jini ya janye daga fuskarsa. Ya juya wajen samarin ya ce, "A cikinku wa ya karanta rubutuna na yankin kogi tun daga farko har ƙarshe?" Ba wanda ya yi motsi. Can wani ya ce a hankali, "Ya Ustaz, taƙaitawar muka karanta, wadda malaminmu ya ba mu mu kwafa." Daktur ya ce, "Me taƙaitawar ta ce?" Saurayin ya ce, "An samo ƙwayar a cikin Fallata." Ya tsaya nan, don iyakar abin da ke ciki ke nan.

Daktur ya sallame su. Muka zauna a kan benci mu biyu. Na ba shi labarin igiya, da kambo, da matar nan. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce kwalaben da ya tura ƙasar waje, masu ɗakin binciken can al'adarsu ce su raɗa wa ƙwayar cuta sunan wurin da aka samo ta. Sun duba jikin kwalba, sun ɗauka sunan gari ne.

Na ce, "Ba ka sani ba sai yau?"

Ya ninke takardar. Ya ce, "Na sani. Tun shekarar farko na gani a buge. Raina bai so ba. Na ce zan rubuta musu su gyara. Amma sunana yana gefen wannan sunan, duk wanda ya ambaci ɗaya sai ya ambaci ɗayan, ana gayyata ta, ana karrama ni. Na ce wa kaina ai duk mai karatu zai karanta har ƙarshe."

Da zagi na taho a bakina tun daga kwale-kwale. Da ya faɗi haka sai na rasa inda zan sa shi. Na ce masa kawai, "Tashi mu je."

A motarsa muka koma. Da muka isa bakin ganguna ya fito ya kwance igiyar da hannunsa, ya naɗe ta ya ajiye a kan ganga. 'Yan sandan ba su hana shi ba, ba su kuma taya shi ba. Ya shiga gida-gida ba hankici, yana ɗora kunnensa a ƙirjin yara. Ya je ƙauyen Larabawa ya zauna da dattawansu, ya sake yin zanen nan a ƙasa. Sun saurare shi da ladabi, suka ba shi shayi. Bayan motarsa ta tafi da kwana ɗaya aka mayar da igiyar, domin umarni daga sama ya zo, kuma sai daga sama za a janye shi. Ya yi ta rubuce-rubuce da zirga-zirga a ofisoshi. Sai da aka ƙara mako uku aka kwashe gangunan, lokacin tarin ya lafa da kansa, cirar auduga kuma ta kusa ƙarewa. Shekarar nan gidaje da yawa sun ci tuwo sau ɗaya a yini har damina.

Hakim ya ce mini daga baya Daktur ya buga wani sabon rubutu yana bayyana kuskuren, da sunan ƙauyenmu na gaskiya a ciki. Ya ce amma gajere ne, kuma bai ji ana ambatonsa kamar na farkon ba. Bayan 'yan shekaru muka ji rasuwarsa a rediyo, ana ta yabon ɗaliban da ya bari. Na yi masa addu'a, da zuciya ɗaya. Matan ƙauyen Larabawa sun dawo suna kira na haihuwa, amma wasu gidajen sai su ware mini kofi na dabam, a kife shi a kan katanga bayan na tafi.

'Yata ta biyu ta yi makaranta, ta samu shiga koyon aikin jinya a birni. A hutun shekararta ta biyu ta zo gida da littattafanta, tana bitar jarrabawa a tsakar gida, ina tsince wake. Sai ta ɗago kai daga littafi. Ta ce, "Inna, ki ji abin da aka ba mu mu haddace." Ta karanta mini da Larabci. Jimla ɗaya ce a ƙarƙashin babin cututtukan ƙirji: ga sunan Daktur, ga sunan ƙwayar, ga kuma cewa an fi samunta a cikin mutanen yamma, a kula da su idan sun zo asibiti.

Ta san labarin duka, a gabanta aka ɗaura igiyar. Ta ce, "In ya fito a jarrabawa mi zan rubuta?"

Na ce, "Malamarku ta san ke Bahausa ce?"

"Ba wanda ya sani. Larabci nake yi a ɗakin kwana."

Na ci gaba da tsince waken. Ina so in ce mata ta rubuta gaskiya, ta rubuta direban lori da mai kantin sukari da layin jirgi. Sai na tuna shekarun da ubanta ya yi yana sunkuye a hawashar wani don ta kai inda ta kai. Na ce, "Ki rubuta abin da zai sa ki ci."

Tambayar ta fito, ta rubuta, ta ci. Ta yi aiki shekaru masu yawa a ɗakin yara. Ta ce mini idan aka kawo jaririn Hausawa yana fito da ƙirji, takan yi wa uwar magana da Larabci a gaban likita. Sai likita ya fita, ta tura ƙofa, sannan ta sunkuya ta ce mata, "Sannu, Yaya. Wa ya fara tari a gidanku?"